Layi Biyu a Gefen Kaset

Zuwa ga Malam Halliru, mai filin matasa.

Assalamu alaikum. Malam, don Allah ka taimake ni, lokaci yana neman ƙure mini, kuma abin da nake tsoron rasawa ba a samunsa a kasuwa. Tun ina yaro nake jin ana cewa abu in yana da kyau ba ya buƙatar talla, shi zai kira mutane da kansa. Na yarda da wannan magana, na ɗora aikina a kanta, ga shi yanzu tana neman kayar da ni.

Ni malamin firamare ne a Lafani, cikin ƙasar Illela. Mahaifina Bahaushe ne manomi, mahaifiyata Bafillatana, kuma a rugar yayanta na yi rabin ƙuruciyata ina bin shi kiwo. A gidanmu ba a kiran sunansa. Inna ba ta taɓa faɗinsa a gabana ba, ni ma Kawu kawai nake cewa, kuma ko da alƙalami hannuna ba ya iya rubuta shi. Don ka san wanda nake nufi, na roƙi abokin aikina Malam Mukhtari ya rubuta mini sunan da hannunsa a nan: Jaɓɓo. Na yarda a buga.

Duk wanda ke shiga karar Illela, wato kasuwar dabbobi, ranar Lahadi ya san Kawu. Ba likita ba ne, bai shiga aji ba, amma in ya dubi yadda saniya take tsayuwa da yadda take tuƙa sai ya faɗa maka abin da ke damunta. Shekarar da annobar bushiya ta shigo ta share garkuna, shi da wuri ya gane alamar, ya janye shanunsa daga mashayar da kowa ke zuwa, ya kai su aka yi musu allura a lokacin da wasu ke gudun masu allurar. Da yawa sun koma gida da sanda kawai, shi Allah ya bar masa mafi yawan nasa. Tun daga nan nake tunanin cewa abin da ke cikin kan tsohon nan bai kamata ya tafi tare da shi ba.

Da aka buɗe boda kasuwa ta dawo, sai na je wajen wani mai sayar da kaset a bakin kara, sunansa Maharazu. Mun yi makaranta tare, shi ya bari da wuri ya kama sana'a. Na faɗa masa niyyata, ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa sayar da kaset na saniya ba, amma ya ara mini rikoda ya ba ni sababbin kaset, da sharaɗin na asalin, waɗanda yake kira uwa, za su zauna a wajensa yana kwafa daga ciki. Duk hutun makaranta na yi shi a ruga. Kawu da farko ya ƙi, ya ce shi ba zai yi magana da akwati ba. Sai da matarsa Goggo Baraka ta ce masa ai shekara da shekaru yana magana da shanu ba su taɓa amsa masa ba, akwati ne zai gagare shi? Nan ya zauna. Ya yi bayani kan saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama, da yadda ake gane boru, ciwon baki da kofato, tun kafin ya bazu, da ciyar da shanu da bazara in ciyawa ta ƙare, da rainon maraƙin da uwarsa ta mutu, da wasu abubuwa. Kowane kaset fuska ɗaya Hausa, ɗaya Fillanci. Kuma ba ya cika baki, in abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce wannan a nemi malamin dabbobi.

To, ga inda matsalar take. Ka san gidan kaset yana da ɗan siririn gefe, inda ake rubutu, kuma a teburin Maharazu kaset a jere suke tsaye kamar haƙora, gefen nan kaɗai ake gani. Layi biyu yake ɗauka, in ka matse. Na zauna na yi tunani, na ga ba zai yiwu in fara da saniya kafin sunan Allah ba, kuma ba zai yiwu in ambaci babba ba tare da girmamawa ba. Sai na rubuta: “Bismillahi. Nasihohin dattijonmu mai daraja, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.” Nan wuri ya ƙare. Na sa lamba a ƙarshe, na ɗaya, na biyu, haka har na gama. Duka rubutu iri ɗaya. Wallahi da na gama sai na ji daɗi, na ga na fita kunyar Kawu.

Maharazu bai saurari ko ɗaya ba, shi ba ya da wannan lokacin. Ya karanta gefen, ya ga Bismillahi da nasiha, sai ya jera su cikin kaset na wa'azi. Da azumi wani dattijo ya sayi ɗaya don ya riƙa saurare bayan la'asar. Lahadi ta zagayo ya dawo da shi, ya ce ya tara iyalinsa su ji tsoron Allah sai ga wani yana kwatanta musu kashin maraƙi. Har yau 'yan canjin da ke zama kusa da teburin in sun hango ni sai su ce ga limamin shanu nan tafe.

Wannan ban damu da shi ba, dariya ce. Abin da ya hana ni sukuni ya faru ne a gabana. Wani makiyayi daga wajen Ƙwanni, can ƙetaren boda, ya zo, ya canja sefarsa, ya tsaya a teburin ya ce ya ji ana sayar da maganar wani tsoho kan shanu, shi karsanarsa ce ke gab da haihuwar fari, kuma bara ya rasa ɗaya a haka. Maharazu ya bi gefen kaset da yatsa, daga wannan kai zuwa wancan, ya ce babu. Ni ina can gefe ana yi mini aski, kafin in kuɓuta daga hannun wanzami mutumin ya hau babur ya tafi. Kaset ɗin da yake nema yana ƙarƙashin gwiwar hannun Maharazu. Da na yi masa magana sai ya zaro shi ya miƙo mini, ya ce, “Kai da kanka karanta. Mi ka cikin wanga? Ina saniya, ina haihuwa?”

Yanzu ya ce in babbar Sallah ta zo ba su motsa ba zai ɗora waƙoƙin Indiya a kansu, har da uwayen, don kaset ɗinsa ne kuma teburi ba ya ɗaukar kayan da ba a tambaya. Ko kuma, in ji shi, in bar shi ya rubuta abin da ya san yana jan mutane: “Sirrin Fulani, maganin kowace cutar dabba.” Ya rantse in aka sa haka kasuwa ɗaya za su ƙare. Malam, da Kawu yana da lafiya da sai in ce a goge, mu sake. Amma da daminar da ta wuce ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Muryar da ke cikin kaset ɗin nan ba ta sake fitowa daga bakinsa. Duk Lahadi da yamma in na je gaishe shi, da ƙyar yake haɗa tambaya ɗaya, ko wani ya ji shi.

Shin in bar Maharazu ya rubuta abin da Kawu bai faɗa ba, don dai a ji shi? Ko in tsaya kan ladabi in ga an goge? Kuma ta yaya mutum zai zuba ilmin shekara da shekaru cikin layi biyu? Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙa, ka ga halin nawa ke nan, shi ya sa gefen kaset ya gagare ni.

Naka,
Limamin Shanu, Lafani.

*

Wa alaikumus salam, ɗana Limamin Shanu.

Tunda ka karɓi sunan da 'yan canji suka raɗa maka, ni ma da shi zan kira ka, kuma ka riƙe shi da kyau, don aikin da ka yi ba ƙarami ba ne. Matasa da yawa suna rubuto mini suna kukan ba su san abin da za su yi wa garinsu ba. Kai ka riga ka yi. Mai wuyar ya wuce, saura layi biyu, kuma layi biyu ba za su kayar da mu ba in Allah ya so.

Kafin komai, uwayen nan su bar teburin Maharazu a wannan makon. Ka sayi sababbin kaset ka musanya masa, ɗaya da ɗaya, ka kai na asalin gida ka adana inda zafi ba ya kai wa, in zai kwafa ka kawo ka koma da su. Ba a caca da abin da ba a iya maimaitawa. In ka yi haka, ko Sallah ta zo ba a sayi ko ɗaya ba, muryar kawunka tana nan, kuma za ka yi sauran aikin da kwanciyar hankali.

Maganar da ka taso da ita, cewa abu mai kyau shi ke kiran mutane, rabinta gaskiya ce. Tana aiki ga abin da ake gani ko ake shinshina. Mangwaro ba ya buƙatar rubutu, tsire ma ƙamshinsa ya ishe shi. Amma kaset baƙin akwati ne, na wa'azi da na kiɗa da na kawunka duk kamarsu ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar kaset ita ce ɗan gefen nan. Ka kuma lura da yadda ciniki ke tafiya a teburin. Mai saye yana zuwa da damuwarsa a baki, Maharazu ya ɗauki kalmar da ya ji ya bi jeri da yatsa yana nemanta. In ya gan ta ya zaro, in bai gani ba ya ce babu. Saboda haka ba ga mai saye kaɗai kake rubutu ba, har da yatsan Maharazu, kuma yatsan nan ba ya tsayawa sai a kan kalmar da aka tambaye shi.

A nan Maharazu yana da gaskiya, kada ka riƙe shi a zuci. Bai ɓoye kaset ɗin ba, ya karanta abin da aka ba shi ne. Inda ya kauce shi ne maganin da ya kawo. In kuka rubuta “maganin kowace cuta”, na yarda za a saya a kasuwar farko. A ta biyu za a dawo, kuma wannan karon ba dattijo mai abin dariya ba ne zai dawo, mutum ne da dabbarsa ta mutu yana jiran alkawarin da aka yi masa. Ranar nan sunan wa za a kira a kara? Ba na Maharazu ba. Tsohon da ya yi rayuwarsa yana cewa wannan ya fi ƙarfina a nemi malamin dabbobi, shi za a mayar maƙaryaci alhali ba ya iya buɗe baki ya kare kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kasuwar da kowa ya san kowa ya fi ƙurewa. Rubutun gefe alkawari ne, kada ya wuce abin da ke ciki ko da taƙi ɗaya.

Kai ma kana da gaskiya a wajen ladabi, wuri ne kawai ka saɓa. Ka tuna Goggo Baraka, don na san kamar kowace matar ruga ta yi zamanin kai nono gari. In ta shiga unguwa, ba ta fara da asalin saniyar da aka tatsa ba, nono take kira, mai so ya leƙo. In an zauna an sauke ƙwarya, nan ake gaisawa a tambayi mutanen ruga. Ba wanda ya taɓa cewa ta yi rashin kunya. Gefen kaset kiran nono ne, takardar ciki ita ce zaman gaisuwa. Can ka rubuta Bismillahi da addu'a da duk girmamawar da zuciyarka ke so, wuri yana da faɗi. Ni a ganina ma sunan Allah ya fi samun kiyayewa a ciki, don gefe shi ke shan hannu da gumi, shi ke faɗuwa ƙasa a taka. Kuma na tabbata kawunka da bakinsa ya yi Bismillahi kafin ya fara magana, ba ka rage masa komai ba.

Sai batun suna. “Dattijonmu” kowa yana da nasa, amma kai da kanka ka ce duk mai shiga kara ya san kawunka da sunansa. Wannan suna shi ne shaidar kayan, kuma ka cire shi. Ban ce ka karya al'adar gidanku ba, ina girmama ta. Amma duba wasiƙarka, ai ka riga ka samo hanya ba ka lura ba. Hannun da ya rubuta mini sunan shi zai rubuta shi a gefen kaset. Kai ka tsara magana, Malam Mukhtari ya sa suna, kunyarka tana nan ba ta taɓu ba. Kafin haka ka bi ta wajen Goggo ta nemi izinin mai sunan. Wadda ta sa shi magana da akwati ba za ta kasa wannan ba.

Ka tambayi yadda za a zuba ilmin shekaru cikin layi biyu. Ba a zubawa. Aikin layin shi ne ya nuna ƙofa, ilmin yana ciki. Ranar Lahadi mai zuwa kada ka je aski. Ka shiga kara ka zauna inda makiyaya ke hira, ka saurari yadda suke faɗin damuwarsu, namu da na Ƙwanni, ka riƙe kalmominsu yadda suka fito. In suna cewa boru, ka rubuta boru, kada ka nemo wani dogon suna daga littafin kimiyyar da kake koyarwa. In ka ji mutanen ƙetare suna da wata kalma daban ga abu ɗaya, ka sa duka biyun in wuri ya yarda. Daga nan ka sake sauraren kowane kaset, ka tambayi kanka: wane mutum ne, da wace damuwa, zai yi murna in ya sami wannan? Amsar ita ce layin farko, kuma kalma mafi nauyi ta zo a gaba, don ido farkon layi yake kamawa, ƙarshensa sau da yawa wani kaset ya rufe shi ko rana ta cinye tawadar. Layi na biyu ya ɗauki suna da harshe.

Ga misali, wanda mutumin Ƙwanni ya nema zai iya zama: “Haihuwar saniya in ta zo da gardama: abin yi da lokacin kiran malamin dabbobi.” A ƙasa: “Kawu Jaɓɓo na Lafani. Hausa da Fillanci.” Wani kuma: “Boru: yadda ake gane shi da wuri a ware garke.” Wani: “Maraƙi maraya: yadda ake rainonsa.” In na farkon ya yi tsawo, ka yanke, amma daga wutsiya, kada ka taɓa kai. Kowane kaset da nasa rubutun, kada biyu su yi kama. Lambobin nan na ɗaya da na biyu kai kaɗai suke yi wa amfani, har ma suna iya korar mai saye, don zai zaci sai ya haɗa duka kafin ya gane ɗaya. Ka kuma tuna da yawa daga masu shanu ajami suke karantawa ba boko ba. Ka sa kalmar farko da ajami a fuskar gidan kaset da manyan baƙaƙe, mai ido ya gani da kansa.

Abu na ƙarshe ga Maharazu. Ka roƙe shi ya fitar da su daga cikin wa'azi ya ba su ɗan wuri nasu a ɓangaren da ke kallon kara. Ka juya masa ɗaya zuwa daidai inda kawunka ya shiga tsakiyar bayani, ba wajen gaisuwa ba, ya riƙa sakawa a lasifika in makiyaya sun taru. Waɗanda suka san muryar za su waiwayo. Kuma Sallar da kake tsoro ita ce gatanka, don babu lokacin da kara ke cika kamar makonnin da ake cinikin dabbobin layya. Ban yi maka alkawarin za su ƙare ba, kasuwa ta Allah ce. Amma wanda ya zo nema ba za a sake ce masa babu ba alhali akwai.

Kafin ka kai teburi, ka gwada. Ka rubuta layukan a takarda, ka miƙa wa wanda bai taɓa jin kaset ɗin ba, ka tambaye shi abin da yake zaton zai ji a ciki. In ya faɗi daidai, ka gama. In ya yi shiru ko ya ce wa'azi ne, ka sake zama. Sauran masu karanta wannan fili ma ku gwada a kan naku: mai allon shago, mai ɗan littafin da ya buga, mai sanarwar da zai kai gidan rediyo. Ku rufe kayan, ku bar rubutun kaɗai, ku ga ko baƙo zai gane.

Ranar da makiyayi na farko ya tambaya yatsan Maharazu ya tsaya, ka nemi sunan mutumin da garinsu, ka kai wa kawunka da yamma. Ya daɗe yana tambaya ɗaya, ya cancanci amsa mai suna. Allah ya ba shi sauƙi, ya saka wa Goggo Baraka, ya sa albarka a hannunka da na Malam Mukhtari, ya kuma maido da mutumin Ƙwanni kafin karsanarsa ta haihu.

Malam Halliru